Daren Kaka a Gungu

Mun bar Birnin Kebbi ana ta yankan shinkafa,
ni da Kuluwa, 'yata ta biyu,
wadda ta ga dorina a littafin aji huɗu
ta kafe sai ta gan ta da idonta.
Na ɗauki hutun kwana uku,
na ari tanti wurin wani tsohon ma'aikacin safiyo.
Turke guda ya ɓata, muka feƙe itace.

A Yawuri Makau ya sa mu a kwale-kwale.
Ba mai yawan magana ba ne.
Da na tambaye shi ko za mu dace,
ya ce ruwa ba kasuwa ba ne,
ba a sanin ranar cinsa.

Kwara ta cika ta yi lamo.
Kirinjijiya suka tashi daga cikin ciyawa,
zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya
kamar ni a ƙarshen wata.
Kuluwa na rubutu a bayan littafin lissafi:
kada ɗaya, ko kuwa gungume ne;
tsari biyu;
dorina, tukuna.

Muka kafa tanti a tudun gungu
saman gonar wani dattijo, Nomau.
Ya dubi tantin, ya dubi takalmina,
ya ce me ke tafe da ku?
Na ce kallon dorina.
Ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba.
Ya ce ku har kuɗin mota kuka biya,
ni kyauta take zuwar mini.
Bara buhu tara ta ci
tun suna tsaye a kan karansu.

Bayan isha'i muka ci tarwaɗa da gari.
Raɓa ta sauko,
sauro ya gano inda tantin ya yage.
Na ce wa yarinya ta rage murya
kada mu firgita baƙuwar.
Can ƙasa Nomau ya hura wuta,
ya jera gwangwanaye a igiya,
dare na goma sha ɗaya ke nan bai runtsa ba.
Mu muna roƙo ta fito,
shi yana roƙo ta yi zamanta,
kuma duk wuri ɗaya roƙon ke zuwa.

Wajen ƙarfe biyu muka ji ta.
Gurnani daga ƙarƙashin duhu
kamar ana jan turmi a kan daɓe,
sai huci,
sai ciyawa tana karyewa sannu-sannu.
Na lalubi tocila, na lalubi waya,
yatsuna suka manta inda ake danna hoto.
Kuluwa ta riƙe mini hannu gam.
Sai ta saki.

Ta suri tukunyar da muka dafa kifi
ta hau bugu da cokali,
tana ihu, muryarta na bin ta Nomau,
gwangwanaye na amsawa daga gangare.
Wadda ta taso ni tun daga gida
ita ce ke korar abin da muka zo gani.
Na tsaya riƙe da waya kamar sakarai.
Can ruwa ya yi wani facal mai nauyi,
ya rufe bakinsa.

Da gari ya waye muka sauka.
Ga sawu a cikin laka, faɗin akushi,
yatsu huɗu-huɗu,
ya tsaya taku shida daga bakin shinkafa
ya juya.
Kuluwa ta zura ƙafarta ciki
ta ce har da sauran wuri.
Nomau bai ce sannu ba, bai ce madalla ba,
ya yanko zangarniya guda da lauje
ya soka mata a ɗankwali.

A kwale-kwale ta buɗe littafin.
Na leƙa. Ta soke tukuna,
ta rubuta: mun ji ta.

Wayata ba hoto ko ɗaya,
sai wani baƙi ƙirin da na ɗauka ban sani ba.
Tukunyar kuwa ta lotsa ta gefe,
murfinta ya daina zama.
Uwar Kuluwa ta tambaye ni sau biyu.
Na ce dorina ce.